Kofi Uku na Garin Lauz

Ni dai tun da nake ban taɓa sa lauz a bakina ba, kuma ba na fatan in sa. Jikokina in sun ji na faɗi haka sai su yi ta ƙyaƙyata dariya, wai tsohuwa ta ƙulla gaba da abinci. Su yi ta yi. Wata 'yar ƙwaya ce mai kama da gyaɗa, sai dai ta fi ta tsawo, kuma ba ta fita a ƙasarmu. Larabawa ne ke ce mata lauz, Turawa kuwa niƙa ta suke yi su zuba garin a kek. Garin nan ne ya shiga tsakanin maigidana da mahaifinsa.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, kukan jirgin ƙasa ma bai daina firgita awaki ba. Muna zaune a Tudun Wada, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da zaure. Ni ina ƙuli-ƙuli, ina kuma daka garinsa ina sayar wa masu tsire. Maigidana kuku ne a gidan wani Bature mai aikin hanyar jirgi, can bariki, hayin rafin Kubanni. Asalinsa ɗan cikin birni ne, gidan malamai, gidan da tun kaka da kakanni ba a san su da komai ba sai karatu. Ranar da ya kama aikin Nasara, Baba, wato mahaifinsa, bai yi masa baki ba, bai kuma sa masa albarka ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Je ka. Amma duk ranar da na ji an ce hannunka ya taɓa abin da ba naka ba, kada ka sake shigo mini ta Ƙofar Doka." Maigidana ya riƙe maganar nan gam. Ko ashana ce ta faɗo aljihunsa a kicin, sai ya mayar kafin ya taho gida.

Matar Baturen nan mace ce mai awon tsiya. Komai zai fita daga sito sai ta ɗora shi a sikeli: sukari, fulawa, man shanu, har ganyen shayi. Tana da ɗan sikelinta mai faranti biyu, da duwatsun awo na tagulla jere a akwati, babban ana ce masa laba, ƙananan kuma oza. Maigidana in ya dawo yakan kwaikwayi yadda take tsuke baki tana leƙen sikelin, ni kuwa in yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ran nan Baturen ya tafi rangadi, ita kuma ta gayyaci matan Turawa shan shayi. Kek na lauz take so a yi musu. Gwangwani ɗaya tak take da shi na garin, mai laba biyu, wanda uwarta ta aiko mata tun daga ƙasarsu, tana ji da shi kamar ƙwai. Sai aka yi rashin sa'a maƙwabciyarta ta ari sikelin ba ta dawo da shi ba. Da nauyi ta saba aunawa, amma tun da babu sikeli sai ta yi lissafinta a ka, ta mayar da nauyin zuwa kofi. Ta ɗauko kofin awonta ta dangwara masa, ta ɗaga yatsu ta ce, "Kuku, uku. Kofi uku." Ta fita, ya auna uku, ta dawo ta ɗauke gwangwaninta ta kulle.

Kek ɗin bai yi ba. Ya ƙi tashi, ya fito da nauyi, yana ta tsattsafo da mai. Baƙi suka ɗan gutsura don kara suka ture. Ranta ya ɓaci, amma ba ta ce masa komai ba sai da aka dawo mata da sikelinta.

Ina bakin turmi da rana tsaka sai na ga mutum ya shigo, sallamar ma a ciki ya yi ta, kuma babu farar rigar aiki a jikinsa. Na san ba lafiya ba, don kuku ba ya dawowa gida rana na tsaka sai da dalili.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya zauna a dokin ƙofa ya ce, "Wai na yi sata."

Taɓarya ta kuɓuce mini. Na ce, "Satar me? In ji uban wa?"

A hankali ya warware mini. Matar ta ɗora sauran garin a sikeli. A lissafinta kofi uku ba su ko kusa da laba ɗaya ba, saboda haka ya kamata a ce fiye da rabin gwangwanin na nan. Da ta auna sai ta tarar ko rabi bai kai ba. Makulli a ƙugunta yake, ba wanda ya taɓa garin sai shi. Ta sa ya tuɓe rigar aiki, ta ce ko ya dawo da abin da ya ɗiba, ko kuma in maigidanta ya dawo daga rangadi a haɗa shi da 'yan sanda.

Kai, ranar na yi masifa! Na ce garin banza garin wofi, tuwo za mu tuƙa da shi ko kunu za mu dama? Mu da ko sunansa ba mu iya faɗa daidai ba? Na zagi gwangwanin, na zagi jirgin da ya kawo shi, na zagi maƙwabciyar da ta ari sikeli. Da na gaji na yi shiru sai ya ce, "Ba 'yan sanda nake ji ba. Baba nake ji."

Magana kuwa ba ta kwana a bariki. Kafin la'asar ta ƙetaro rafi. Washegari wata mai sayen ƙulina ta shigo, tana zaɓe tana kallon ƙasa, ta ce, "Ashe abin da ya sami maigida ke nan? Allah ya kyauta. Ai abin Turawa akwai ɗaukar ido." Na fizge farantin daga hannunta na ce ƙulin ya ƙare. Daga Tudun Wada zuwa cikin birni ƙofa ɗaya ce tsakani, na san maganar ta riga ta shige. Ba a jima ba kuwa saƙo ya zo daga Baba: in an sauko daga masallacin Juma'a yana son ganinsa.

Daga nan maigidana ya daina cin abinci. In kai masa tuwo, in dawo in ɗauke shi yadda na ajiye. Ba ya fita ko zaure, sai salla. Yana zaune yana juya hannunsa na dama yana kallo, yana ta cewa, "Uku na auna. Wallahi uku na auna." Tsoro ya kama ni sosai. Na san mutumin nan, in Baba ya rufe masa ƙofa ba zai ƙara zama mutum ba.

Ranar Alhamis da hantsi ina auna wa wani mai tsire garin ƙuli a ɗan gwangwanin madarar da nake awo da shi, na ji shi daga ɗaki ya sake cewa uku ya auna. Haushi ya turnuƙe ni. Da na sallami mai tsire na ɗauki ƙwaryar garin na dire a gabansa.

Na ce, "Malam, na gaji da jin ukun nan. Tashi ka nuna mini yadda ka yi."

Ya ce, "Ke kam ba kya barin mutum da abin da ya dame shi."

"Ba zan bari ba. Ga gari, ga gwangwani."

Ya murza garin a yatsa, ya ce kusan haka na lauz yake, mai maiƙo, mai dunƙulewa. Ya yi bisimilla ya nutsa gwangwanin ya ɗebo. Ya bubbuga gindinsa a ƙasa garin ya zauna. Ya danna da tafin hannu, ya ƙara, ya sake dannawa, ya tara masa tsororuwa yana kare gefe da hannu, sannan ya ɗan barbaɗa gyara a kai. Ya juye a akushi ya ce, "Ɗaya." Haka ya yi har uku.

Ni ban ga komai ba. Me zan gani? Haka uwata ke awo, haka nake yi, haka duk mai tsoron Allah ke yi a kasuwa. Na ce, "To ai awo ke nan. Ina laifi a nan?" Na koma na zauna. Can dai na ce, "Ita fa, in ita ce ke aunawa da kofin, haka take yi?"

Sai ga ɗan murmushi, na farko tun da abin ya faru. Ya ce, "Ita? Taɓ! Ba ki ga rowa ba." Ya ɗauki cokali ya riƙa ɗibar garin yana zubawa sama-sama, ba bugu ba danni, kamar mai tsoron kada garin ya ji ciwo. Da ya cika sai ya ɗauko wuƙa ya shafe bakin gwangwanin da bayanta, duk abin da ya ɗara baki ya zube.

Na ce, "Subhanallahi! Tauye mudu ƙiri-ƙiri, a gidanta, da kayanta?"

Ban rufe baki ba abin ya faɗo mini a rai. Na jawo akushin da ya zuba ukunsa, na karɓe cokalin da wuƙar, na shiga sake aunawa irin nata. Uku suka cika, gari na nan. Huɗu. Biyar. Har da ɗan saura a gindin akushi.

Muka kalli juna. Na ce, "Malam, ga satarka nan. Cikin kek ka zuba ta."

Ya leƙa akushin. Na ce, "Kai da ka san haka take yi, me ya kai ka dannawa?"

Ya ce, "Baƙi fa za ta ciyar. Ita in ta ga dama ta tauye wa kanta. Ni in auna wa baƙi awon ƙeta? Da wannan hannun?" Tun yana ƙarami shi ke auna hatsin sadaka a gidansu, kuma ko ƙwaya ta kasa a bakin mudu sai Baba ya buge masa hannu ya ce a sake. Kullum ana jan kunnensu kan abin da ke jiran masu tauye awo ranar gobe. Duk zamansa a kicin ɗin nan sikeli ke yin awo, shi nasa zubawa ne har faranti ya daidaita. Ranar ce kaɗai aka bar shi da kofi.

Na ce to ya tashi mu tafi bariki. Ya ce ba inda za shi, shi ba zai je ya durƙusa yana roƙon a yarda shi ba ɓarawo ba ne. Na ce, "Gobe fa Juma'a. Za ka je gaban Baba da akushin garin ƙuli ka ce ga shaidarka? Sai wadda ta ɗora maka ta sauke da bakinta." Ya juya mini baya. Na ce shi ke nan, ni zan je. Na yafa mayafi, na ƙulle garin ƙuli a ƙyalle, na fice. Ban taɓa taka bariki ba, ban ma san gidan ba, kuma ko kalma ɗaya ta Turanci ba na ji. Ban kai bakin rafi ba na ji takunsa a bayana, yana cewa, "Wallahi ke fitinanniya ce."

Unguwar shiru kamar an yi mutuwa, ba yara ba kaji. Muka zaga ta baya muka tsaya a ƙofar kicin. Da matar ta fito na ga ashe 'yar siririya ce, ba ta ma girme ni ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce da gurguwar Hausarta, "Ka kawo?"

Maigidana ya shiga yi mata bayani da Turancinsa na kicin. Ban san me ya ce ba, na dai ga tana girgiza kai, ta kama ƙofa za ta rufe. Ai ban san lokacin da na sa ƙafa na tare ba. Na kwance ƙullin garina na miƙa mata a fuska na ce, "Uwargida, in kina tsoron naki, ga nawa. A kawo sikeli a gwada. In ƙarya muke yi, ki kira 'yan sandan da kanki, ni ma a haɗa da ni!" Maigidana yana ta ja mini mayafi yana cewa in yi hankali.

Ko ta ji abin da na ce ko kalmar sikeli kaɗai ta kama, oho. Ta dai saki ƙofar. Sannan ta shiga ta fito da sikelin da kofin, da gwangwanin lauz ɗin kansa, ta jera a tebur.

Ita ta fara. Cokali, sama-sama, wuƙa. Ta juye a faranti ɗaya, ta sa 'yan ƙananan duwatsu a ɗayan har suka daidaita. Ta mayar da garin, ta bar duwatsun inda suke, ta tura masa kofin.

Ya ɗebo a tsorace, rabi-rabi, yana satar kallonta, na ga yana neman ya yi irin nata don kada ta ce ya yi ɓarna. In ya yi haka mun mutu. Na matsa kusa na ce ƙasa-ƙasa, "Malam, awon gidanku."

Ya tsaya. Ya juye, ya yi bisimilla, ya nutsa kofin. Ya buga, ya danna, ya ƙara, ya tara tsororuwa, ya sa gyara. Da ya juye a faranti sai ji kake ƙwal, ya bugi tebur, duwatsunta suka yi sama. Ta ƙara dutse ɗaya, bai motsa ba. Ta ƙara wani, sannan ya fara ɗagowa. Na ga tana lissafi da yatsu, leɓɓanta na motsi.

Sai ta ɗago ta ce, "Wayo. Yau ka yi haka. Wayo."

Me kuma ya rage? Ba wanda ya ga awon ranar sai Allah. Na buɗe baki zan yi abin da na saba, maigidana ya ɗaga mini hannu. Ya ce da ita da Hausa, a hankali yadda za ta gane, "Uwargida, kek ɗin nan. Ya tashi?"

Ta je ta buɗe kabad ta fito da ragowar kek ɗin, ga shi nan jibge kamar tubali. Ta danna shi da yatsa, ta dubi man da ya fito. Sai ta fashe da dariya.

Dariyar nan har yau tana ƙona mini rai. Mutum ya kwana biyu bai ci ba, an yi yawo da sunansa a bakin rijiya, ita abin dariya ta gani. Ba ta ce ya yi haƙuri ba. Ta dai share hawayen dariya ta ce, "Kuku, don me?"

Ya ce, "Haka ake awo."

Ta ce, "A'a. Haka." Ta danƙa masa cokali, ta sa ya cika kofin sama-sama. Ta sa masa wuƙa a hannu, ta kama wuyan hannun nasa ta ja a bakin kofin. Ta sa ya sake, ya sake, har sai da kofinsa ya yi daidai da duwatsunta. Sannan ta miƙo masa farar rigarsa. Ni kuma ta yanko mini kek ɗin ta naɗe a takarda. Na karɓa, da muka zo rafi na wurga wa kifaye.

Duk da haka na yi murna, ba zan ɓoye ba. A hanya har tsokanarsa nake yi, ina ce masa ɓarawon da ke sata yana zuba wa mai kaya a baki.

Ranar Juma'a ya shiga birni, ya dawo fuska a sake. Ashe labari na biyun ma ya riga shi isa. Baba ya sa ya maimaita masa yadda farantin ya bugi tebur, ya yi murmushi ya ce, "Na san hannun da na horar." Ya kuma ce in azumi ya ƙare ya zo ya auna wa gida zakkar fid da kai kamar yadda yake yi da. Tun da ya kama aikin Nasara ba a sake kiransa awon nan ba, ƙaninsa ke yi. Ranar maigidana ya ci tuwo malmala uku, ina zaune ina kallonsa.

Ya koma aiki. Matar ta ga kofi ya fi sauri, sai ta daina fito da sikeli kullum. Fulawa kofi, sukari kofi, shinkafa kofi, safe da yamma, kowanne a shafe bakinsa. In wuƙa ba ta kusa, da gefen hannu. Wata da watanni yana haka.

Ana gobe salla muka shiga birni da hantsi. An share tsakar gida an shimfiɗa tabarmi, an tsiba gero. Matan gida na gefe, yara sun kewaye, Baba na zaune a kan buzunsa. Aka fito da mudun gidan, na itace, ya yi baƙi don tsufa. Baba da kansa ya miƙa wa maigidana. Na ga yadda ya karɓa da hannu biyu, sai da idona ya kawo ruwa.

Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya nutsa mudun ya ɗago shi cike da tsororuwa. Sai gefen hannunsa na dama ya wuce ta bakin mudun, shar, gero ya zubo kan tabarma.

Kowa ya ji zubar geron nan. Wata daga cikin matan ta ce, "A'a!" ta kama bakinta. Maigidana ya tsaya da mudun a hannu, a shafe, daidai da baki, yana kallon hannun nasa. Ya buɗe baki ya ce, "Baba..." sauran maganar ta ƙi fita.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya miƙo hannu kawai ya karɓi mudun, ya juye, ya matso da buzunsa bakin tsibin. Tsoho ne, hannunsa na karkarwa, amma shi ya auna na kowa da kowa a gidan, har da nawa da na maigidana, yana cikawa yana kare gefe. Ni kuwa ina tsaye ina tsine wa garin lauz a zuciyata, ban fasa ba har yau.

Ƙofar Doka ba a rufe mana ita ba. Mun ci gaba da zuwa gaisuwa, ana amsawa. Amma ba a sake kiransa awon zakka ba har Baba ya rasu, shi ma bai taɓa tambaya ba. A gida kuwa ban ƙara ganin ya auna komai ba. Ko mai tsire ne ya yi sallama neman garin ƙuli ina bayan gida, ga ƙwarya ga gwangwani a gabansa, sai in ji ya ce, "Ɗan jira, tana zuwa."